Taurari 28: Lissafin Da Iyayenmu Suka Sauko Da Shi Agege

Abin da ya jawo wannan rubutu wata 'yar takarda ce da muka tsinta a ƙasan adakar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ranar da muka zauna rabon gado. Takardar ta yi ja don tsufa, an naɗe ta cikin gafaka tare da rasiɗan goro na shekara da shekaru. Da ajami aka rubuta ta, sunaye ne a jere bakwai-bakwai har kashi huɗu, gefen kowane suna da 'yan lambobi. Muka miƙa wa samarin gidan, cikinsu da mai digiri da wanda ya sauke Alƙur'ani a Islamiyya. Ɗaya ya ce laya ce a ƙone ta, ɗaya ya ce a kai wa mai duba ko tsoho ya binne wani abu ne ya bar alama. To, ba ko ɗaya. Kalanda ce, irin wadda kusan kowane dattijo a Zango yake da ita a ka lokacin da muke yara.

Ga asalin abin. Wata yana kewaye sararin sama cikin kwana 27 da 'yan awoyi, kuma kowane dare yakan kwana kusa da wani tauraro ko gungun taurari, kashegari ya matsa gaba, kamar dai yadda ayari yake tafiya. Larabawa suka kira waɗannan masaukai manazil, guda ɗaya manzil, wato zango ke nan da Hausa, irin sunan unguwarmu. Suka ƙidaya su 28. Ba su kaɗai suka lura da haka ba, mutanen Indiya suna da nasu 27, mutanen Sin suna da 28. Alƙur'ani mai girma ya ambaci manzilolin wata a Suratu Yunus aya ta 5 da Suratu Yasin aya ta 39, kuma a ta Yunus ɗin an faɗi amfaninsu a fili, wato sanin adadin shekaru da lissafi.

Rana ma ta wannan hanyar take bi, amma ita a hankali, shekara guda take yi kafin ta zagayo. Saboda haka aka ba kowane manzili kwana 13. Idan ka buga 13 sau 28 za ka sami 364, sai aka ƙara wa tauraro guda mai suna Jabaha kwana ɗaya ya zama 14, shekara ta cika 365. Wannan shi ne abin da dattawa ke nufi in sun ce tauraro kaza ya shiga ko ya fita. Larabawan jahiliyya da shi suke sanin lokacin ruwa da iska da sanyi, har Ibn Ƙutaiba, wanda ya rasu a 889, ya tattara abin da suka sani cikin littafinsa Kitabul Anwa'i. Sai dai su har suna jingina ruwan ga tauraron kansa. Duk wanda ya karanta Muwaɗɗa ya san hadisin Hudaibiyya, a shekara ta 6 bayan hijira, inda aka yi ruwa da dare, da asuba Manzon Allah (SAW) ya bayyana wa sahabbai bambancin wanda ya ce an shayar da mu da falalar Allah da wanda ya ce tauraro kaza ne ya shayar da mu. Ka ga ke nan tun daga farko aka ja layi tsakanin tauraro a matsayin alama da tauraro a matsayin mai aikatawa. Duk rigimar da za ta biyo baya a kan wannan layin take.

Mu ƙasar Hausa ta hanyar Magrib lissafin ya iso mana, tare da Risala da Ishiriniya da rubutun warash. Littafin da malaman hisabi suka fi riƙewa shi ne Muƙni'u na Shehu Muhammadu bin Sa'id al-Margiti, mutumin Sus ta ƙasar Maroko, wanda ya rasu a 1678. Tare da shi aka karɓi watannin da ake kira na ajami, su Yunayar, Fabrayar, Marisa, har zuwa Dujambar. Waɗannan watannin tsohuwar kalandar Rumawa ce, wadda Turawa suka yi wa gyara a 1582 amma malaman Magrib suka ci gaba da tasu. Shi ya sa ranar 1 ga Yunayar ta malam take faɗawa a 14 ga Janairun gwamnati. Tazarar kwana 13 ce, daidai tsawon tauraro guda. Mun sha ganin gardama ta kaure a tsakanin tsoho da ɗansa ɗan boko a kan ko yau nawa ga wata, alhali kuwa kowa da gaskiyarsa.

Yadda takardar mahaifinmu ta jera su, haka muka ji su a bakin malamai. Damina tana kamawa a ƙarshen watan Mayu da Haƙa'a, sai Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabaha da Harsan. Kaka ta shigo a ƙarshen Agusta da Sarfa, sai Iwa, Simaku, Gufuru, Zubana, Ikililu da Ƙalbu. Ɗari ya karɓa a ƙarshen Nuwamba da Shaula, sai Na'a'imu, Balda, da Sa'adu guda huɗu, wato Zabihi, Bula'u, Su'udu da Ahbiya. Bazara kuma daga ƙarshen Fabrairu, Far'u na farko, Far'u na biyu, Baɗanul Hutu, Nuɗuha, Buɗaina, Suraiya da Dabaran. Abin mamaki, rabon nan don ƙasar Maroko aka yi shi, inda ruwansu a lokacin sanyi yake sauka, amma da ya ƙetaro sahara sai ya zauna wa ƙasar Hausa daram kamar tela ya auna. Abin da su suke kira lokacin zafi shi ne daminarmu, malamai suka sauya masa suna kawai.

Sunayen kansu suna da ma'ana, ba surkulle ba ne kamar yadda yaranmu suka zata. Jabaha goshi ne, goshin zaki. Na'a'imu jiminai. Baɗanul Hutu cikin kifi. Dabaran mai bin baya, don kullum yana biye da Suraiya. Zubana da Ikililu da Ƙalbu da Shaula kuwa duk sassan kunama ne, ƙahonninta, kambinta, zuciyarta da ƙarinta, kuma wallahi in ka sami dare mai duhu ka kalli wajen za ka ga siffar kunamar da wutsiyarta a lanƙwashe. Suraiya ita ce wadda kakanninmu mata suke nuna mana suna cewa ga kaza da 'ya'yanta. Wani abu da yake rikita mutane shi ne, in an ce ana cikin Suraiya, wato a watan Mayu, to a lokacin ne ma ba a ganin kazar, domin rana ce ta sauka a gidanta, haskenta ya rufe ta. Sai da ɗari za ka gan ta tsaye a tsakiyar sama bayan lisha.

Manomi a Kano ko Katsina ko Maraɗi ba ya iya noma da watan Musulunci, tunda shi yana ja da baya da kwana 11 duk shekara, azumi ya zo da marka bana, bayan wasu shekaru ya zo da hunturu. Dole sai da lissafin rana. To, taurarin nan su ne suka riƙe masa shi. Da su yake sanin ko ruwan da ya sauka na shuka ne ko na yaudara, ko an makara da shukar dawa, ko saura kwana nawa ruwa ya ɗauke. Don kada a manta, malamai suka zuba sunayen cikin waƙoƙi na ajami almajirai suna haddacewa. Har wani Bature, Mervyn Hiskett, wanda ya koyar a Makarantar Koyon Larabci ta Kano, ya yi nazari a kan irin waɗannan waƙoƙin ya buga a Landan a 1967.

Amma fa taurarin suna da fuska ta biyu, kuma ita ma tsohuwa ce. Haruffan Larabci 28 ne, manziloli 28, sai masu ilimin asirai suka ce ai wannan ba banza ba, suka ɗaura kowane harafi a kan tauraro guda, alif a kan Nuɗuha, haka har ƙarshe. Littafin da ya fi shahara a kan haka shi ne Shamsul Ma'arif, wanda ake danganawa ga Ahmad al-Buni, mutumin ƙasar Aljeriya ta yanzu, da ya rasu wajen 1225. A wannan fannin ba rana ake bi ba, wata ake bi dare bayan dare. A duba yau a wane gida ya kwana, gidan na sa'a ne ko na nahisa, na ƙulla aure ne ko na rabawa, na tafiya ne ko na zama. Sannan a zana hatimi, wato gidajen lambobi irin mai uku-uku ɗin nan da ko ta ina ka tara zai ba ka 15, a rubuta shi a daidai daren da ya dace, a turara, a naɗe a ba dukawa su ɗinke. Layar ke nan. Kuma sananne ne a wajen masu wannan fannin cewa in wata yana cikin Kunama a guji tafiya da ɗaurin aure.

Kada wani ya ce wannan abin baƙi ne muka aro, don ɗaya daga cikin manyan malamansa a duniyar Musulmi namu ne. Shehu Muhammadu bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wato Bakatsine, ya yi karatu a ƙasashenmu, ya tafi hajji, ya zauna a Alƙahira. A 1732 ya rubuta littafi a kan yadda ake gina hatimai masu gidaje mara, wanda masana lissafi suke jinjina masa har yau, sannan ya rubuta Durrul Manzum a kan sihiri da ɗalasimai da taurari. Ya rasu a 1741 a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, kuma ɗan ya kawo labarinsa a cikin tarihinsa. Mutum ne mai kaifin ƙwaƙwalwa ƙwarai. Ko ya kamata ya sa ta a inda ya sa ta, wannan kuma wata magana ce.

Masu jihadi dai ba su yi shiru ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Nurul Albab, ya yi kakkausar magana a kan masu da'awar sanin gaibu ta hanyar bugun ƙasa da duban taurari. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, littafi guda ya ware, Tanbihu Ahlil Fuhum, a kan wajibcin nisantar 'yan rufa-ido da masu duban taurari. Amma a lura, ba su hana sanin taurari don gane alƙibla ko lokacin salla ko shigar damina ba, a makarantun Sakkwato an ci gaba da karantar da hisabi. Sun bi layin Hudaibiyya ne sau da ƙafa. Sai dai hana abu a littafi daban, fitar da shi daga zuciyar falke daban.

Domin mu faɗi gaskiya, babu wanda ya kai iyayenmu fatake buƙatar a ce musu yau rana ce mai kyau. Mutum ya ɗaure wa jakuna kanwa da tufafi da fatu, ya bar Kano bayan kaka, ya yi wata biyu ko uku a hanya kafin ya ga Salaga ta ƙasar Gwanja, ga 'yan fashi, ga fito, ga sarakunan hanya kowa da kuɗin da zai karɓa. Ayari ba ya tashi sai da madugu da jagaba da malami, kuma malamin shi ke zaɓen rana. A nan fuskokin biyu suka cakuɗe a hannun mutum ɗaya. Da lissafin rana zai ce ku tashi cikin Shaula don ku dawo kafin rafuka su cika, wannan ilimi ne. Da lissafin wata kuma zai ce kada ku fita ran Laraba don wata yana Ƙalbu, wannan kuma shi da Allahnsa.

Bayan da Ingilishi suka ci Asante a 1874, sannan yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, sai goro ya koma bin teku, daga Ankara zuwa Ikko. Alhasan Ɗantata ma ta wannan hanyar ya yi safara kafin ya koma Kano. Jirgin ƙasa ya fara aiki tsakanin Ikko da Badun a 1901, ya ratsa ta Agege, dogo ya isa Kano a 1911. Manoman yankin nan, irin su J.K. Coker na Ifako da ƙungiyarsu ta manoman Agege da aka kafa a 1907, da koko suka fara, daga baya gonakin goro irin na Gwanja suka yawaita tun daga nan har Ifo da Shagamu. Ga goro a gindin tasha, me ya rage? Kakanninmu suka sauke kaya, Zango ya cika. Tafiyar wata uku ta koma ta 'yan kwanaki a tarago.

To, a nan ne kalandar ta gamu da abin da ba ta taɓa gani ba. Ruwan Ikko bai san Haƙa'a ba. Tun cikin Maris da Afrilu, lokacin da takarda ta ce ana tsakiyar bazara, nan an fara sheƙa shi. Ɗarfa da Jabaha, wato ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Agusta, lokacin da marka ke rushe katangu a Kano, nan kuma a lokacin ne ruwa yake ɗan ɗagawa. Sai an shiga Sarfa da Iwa da Simaku, mutanen gida suna yankan gero, sannan namu ya dawo sabo. Duk da haka dattawa ba su yar da ita ba, sai suka mayar da ita madubin gida. Muna tunawa da mahaifinmu a ƙofar shago yana fesa wa huhun goro ruwa, ruwan sama na zuba kamar da bakin ƙwarya, shi kuwa yana cewa yau Dabaran ya shiga, a aika wa su Baffa kuɗin iri. In Sarfa ta kama ya san sabon gero ya kusa, kuɗi zai shiga hannun mutanen karkara, bukukuwa za su tashi, goro zai yi daraja a Arewa, sai ya fara neman tarago. Masu shanu su ma da ita suke auna lokacin da dabba za ta sauko da ƙiba da lokacin da za ta sauko a rame. Jikinsu yana Kurmi, amma agogonsu na Arewa ne.

Ita kuwa ɗaya fuskar, ba ruwanta da ko damina ta dace ko ba ta dace ba, don wata ɗaya ne a Agege da Kano. Hasali ma nan ta fi samun kasuwa. Baƙo a garin mutane, jarinsa kayan da ke ruɓewa ne, sankara na iya shiga goro cikin mako guda, bashi kuma da baki ake ƙulla shi ba takarda, dole zuciya ta nemi abin riƙewa. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Badun a 1962 da 1963, kuma a littafin da ya fitar a 1969 ya nuna yadda fataken goro da na shanu suke dogara da malamai a harkokinsu. Abin da ya gani a can haka yake a nan. Daɗin daɗawa ga maƙwabtanmu Yarbawa, waɗanda suke da Ifa mai gidaje 16 kamar yadda bugun ƙasa yake da 16, suna da tira, wato laya, da hantu, wato rubutun sha, kuma da yawansu sun yarda cewa alfan Hausa ya fi kaifi. Sana'a ta buɗe. Tare da malaman kirki sai ga waɗanda ko Ahalari ba su gama ba, an sayi bugun Shamsul Ma'arif a bakin masallaci, an shimfiɗa buzu, an zama malam.

Mu ma ba za mu wanke kanmu ba. Farkon shigarmu kasuwa da jarinmu, mun haɗa kaya za mu loda zuwa Gusau, wani mai buzu ya buga ya ce wata ya shiga Kunama, a dakata kwana huɗu. Muka dakata. Waɗanda suka loda a ranar suka riski kasuwa a sama, mu muka isa ta karye, ga ganyen fita ya bushe, goro ya fara yaushi. Da muka koma masa sai ya ce ai da kun tafi da abin ya fi haka. Ka ji fa. Maganar da ba ta da ƙofar kamawa. Mahaifinmu bai yi faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi mana, wai shin shi jirgin da ya tashi ran nan, Kunamar ba ta gan shi ba ne? A bara ma wani yaro a layinmu, ɗan acaba ne da ya tara kuɗin sayen Keke Napep, ya kwashe su kaf ya kai wa wani da ya gani a TikTok yana cewa zai buɗe masa tauraronsa. Har yau uwarsa ba ta daina kuka ba.

Da wa'azin Izala ya yi ƙarfi bayan kafa ta a Jos a 1978, ga karatun Shehu Abubakar Gumi a rediyon Kaduna ana saurare a kowane shago, sai makarantun Islamiyya irin waɗanda muka yi suka ja daga da duba da laya. A ganinmu an yi daidai, kuma ba sabon abu aka kawo ba, maganar Shehu da Bello ce aka farfaɗo da ita. Inda aka kuskure shi ne da aka yi wa abin kuɗin goro. Yaro ya tashi in ya ji kalmar tauraro sai ya ce shirka, bai san akwai Muƙni'u ba, bai san limamin da ya fi kowa tsanani a unguwarsu ta asali da Jabaha yake lissafin gonarsa ba. Mai duba kuwa bai rasa komai ba, ya dai koma ɗaki, yanzu ma ya koma waya. Wanda ya mutu shi ne lissafin halal, don shi ba a biyan kuɗi a kansa, ba wanda zai yi masa talla. Yau a Zango in ka nemi mutum goma da za su jero maka 28 ɗin nan ba tuntuɓe, sai ka sha yawo, kuma duk wanda ka samu ya ba saba'in baya.

Takardar dai ba mu ƙone ta ba. Mun sa an kwafe ta da boko, an rubuta kwanakin gwamnati a gefen na ajami, mun ba malamin Islamiyyar layinmu kwafi guda, ya ce zai duba ko ta shiga darasin yara tare da lokutan salla. Duk mai irinta a adakar gidansu, ko mai tsohon da ya haddace waƙar, don Allah ya kawo ofishin ƙungiya a gwada da tamu, domin mun lura sunaye biyu ko uku suna sauyawa tsakanin mutanen Kano da na Sakkwato.

A hunturun da ya wuce, wani dare cikin Na'a'imu, aka ɗauke wuta tun daga Pen Cinema har Oko-Oba, kafin masu janareto su tayar muka hau bene da yara. Hazo bai yi yawa ba. Muka nuna musu kaza da 'ya'yanta a saman kanmu, da Dabaran ja yana biye da ita. Ƙaramar cikinsu ta ƙirga ta ce shida take gani, yayanta ya rantse bakwai ne. Suna cikin musu aka kawo wuta.